Daga Filin Gwanjo Zuwa Kan Duwatsu: Abin da Ke Tayar da Matattun Motoci a Amurka

A Amurka kamfanin inshora ke yanke wa motar da ta yi hatsari hukunci. Jami'insa zai lissafa kuɗin gyara ya gwada da darajar motar a kasuwa. Idan gyaran ya kai wani kaso, wanda a jihohi da dama kashi 75 cikin 100 ne, sai a biya mai ita, a sauya mata takarda zuwa ta motar da ta tashi daga aiki, a tura ta filin gwanjo. Copart, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1982, da IAA su ne manyan masu wannan gwanjo. Cikin masu tayawa akwai wani rukuni da ba ruwansu da lotsewar ƙofa ko fasasshen gilashi. Ƙarƙashin motar suke leƙawa, domin niyyarsu su tayar da ita su kai ta rarrafen duwatsu, wasan da ake hawa manyan duwatsu da mota a hankali, sau tari ƙasa da saurin mai tafiya a ƙafa.

Wasan ya daɗe. Tun 1953 ake taron masu Jeep na shekara-shekara a hanyar Rubicon, mai tsawon kimanin kilomita 35 a tsaunukan Kalifoniya kusa da tafkin Tahoe, kuma garin Moab na jihar Yuta ya fara nasa taron a 1967. Abin da ya ƙaru a baya-bayan nan shi ne yawan masu zuwa da motocin da suka haɗa da hannunsu daga gawar wata motar.

Dalili na farko yana cikin lissafin inshorar kansa. Abin da ke cinye kuɗi a gyaran mota a can shi ne ladan ma'aikaci, fenti, fitilu da jakar iskar da ke fashewa lokacin karo. Tsohuwar mota mai arha, ɗan bugu a gefe ya isa a ce ta tashi daga aiki, alhali injinta da giyabos ɗinta lafiya lau. Mai rarrafen duwatsu kuwa dama zai yanke madigadi don manyan tayoyi su sami wurin juyawa, zai cire bamba, wani ma har ƙofofi da rufi. Abin da ya karya farashin motar shi ne abin da shi zai zubar. Sabuwar Jeep Wrangler Rubicon ta haura dala dubu 40, kuma mutum ƙalilan ne zuciyarsu za ta bari su goga irin wannan a jikin dutse. Wadda ta riga ta lotse ba a jin zafin ƙara mata tabo.

Dalili na biyu ƙirar tsofaffin motoci ne. Dutse yana son aksul guda mai haɗa tayoyin gaba biyu, wanda idan ɗaya ta hau sama sai ya danna ɗayar ƙasa ta ci gaba da kama wuri. Kamfanoni sun yi ta barin wannan ƙira don jin daɗin tafiya a kwalta. Toyota ta daina sa shi a gaban ƙananan a-kori-kurarta na Amurka bayan 1985. Shi ya sa ake rububin Jeep Cherokee XJ da aka ƙera daga 1984 zuwa 2001, da Suzuki Samurai, da tsofaffin Toyota. Kuma suna ƙarewa. A 2009 gwamnatin Amurka ta biya mutane su miƙa tsofaffin motoci masu shan mai su sayi sababbi, aka karɓi kusan dubu 700, aka kashe injinansu da gangan, kuma Cherokee na cikin waɗanda aka fi miƙawa. Da lafiyayyun suka yi wuya, sai masu rauni suka yi daraja.

Aikin da kansa yana farawa da awo. Kafin a sayi ko da ƙusa, ana ɗaga motar a ja tef daga kusurwar shasi zuwa kishiyarta, sannan a ja ta ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo daidai ba, shasin ya murɗe. Ana kwankwasa shi da guduma a saurari inda tsatsa ta ci daga ciki, musamman a motocin jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Cherokee ba ta da shasi na daban, bodinta ne ƙashin bayanta, don haka sai an bi ƙarƙashinta da faifan ƙarfe ana walda, a kuma ƙarfafa wurin da akwatin sitiyari yake ɗaure, domin nan ne yake tsagewa idan tayoyi suka yi girma.

Bayan haka sai giya, kuma a nan hikimar wasan take. Tsohuwar Toyota tana da giya ta ɗaya mai kusan 3.95, ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi gaba da baya yana da 2.28, aksul kuma 4.10. Idan aka ninka su, injin zai juya kusan sau 37 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan ya isa yashi da taɓo, amma a kan dutse mai tsayin ƙugu sai direba ya yi ta ƙona kuloci ko ya taho da gudu, kuma gudu shi ke karya ƙarfe. Kamfanin Marlin Crawler na garin Fresno ya yi suna tun shekarun 1990 da haɗa waɗannan ƙananan giyabos guda biyu a jere. Idan na biyun ya zama 4.7, aksul ya koma 5.29, lissafin ya wuce 220. A wannan giya direba zai iya ɗauke ƙafa daga totur, motar ta riƙa hawa da kanta, yana jin ƙarar taya tana lanƙwasa a kan kaifin dutse. Ana sa makulli a cikin aksul don tayoyin biyu su juya tare ko da ɗaya tana lilo a iska. Ana sassauta iskar taya ƙasa da 10 a ma'aunin iska, shi ya sa ake amfani da rim mai zoben kusoshi da ke danne bakin tayar kada ta fita. Sannan a gina keji na bututun ƙarfe a kan mazauna, saboda kifewa a wannan wasa abu ne da ake tsammani.

Sakamako na farko a aljihu yake, kuma yawanci akasin abin da ya jawo mutum ne. An shigo don arha, amma kowane gyara yana kiran na gaba. Tayar inci 35 ko 37 tana karya sandar ƙaramin aksul irin Dana 35. Sai a nemo Dana 60 daga babbar a-kori-kura. Shi kuma ya fi faɗi da nauyi, sai an sake sifirin, shokazoba, furofela, birki da sitiyari. Kafin a ankara motar ta daina dacewa da kwalta, a wasu jihohin ma doka ta hana ta hawa, sai an sayi tirela da motar da za ta ja ta. Kuɗin gwanjon nan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin, kuma ranar sayarwa ba a mayar da abin da aka kashe. Ribar da nake gani ta gaske ita ce ta hannu: akawu ko malamin makaranta ya koyi walda, ya iya saita haƙoran giya, ya san motarsa ƙusa-ƙusa, a ƙasar da gyaran sabuwar mota ya koma hannun mai kwamfuta.

Masana'anta ma ta bi sahu. A 2003 Jeep ta fitar da Wrangler Rubicon ɗauke da makullan aksul da ƙaramin giyabos mai 4, wato abin da masu gareji suka daɗe suna haɗawa a bayan gida. A 2007 aka fara gasar King of the Hammers a kwarin Johnson da ke hamadar Kalifoniya, inda ake haɗa gudun hamada da hawan dutse, kuma ta zama babbar kasuwar kayan gyara.

Akwai inda zancen ya taɓo mu. Waɗannan filayen gwanjo su ne ke cika jiragen ruwa da motocin da ake saukewa a Kwatano da Legas, a buga musu bodi, a yi fenti, su iso kasuwanninmu suna ƙyalli. Idan aka tambaye ni, motar da shasinta ya taɓu gara ta ƙare a kan dutse, cikin keji, tana tafiyar kilomita 3 a awa, a hannun wanda ya san ciwonta, da ta ɗauki iyali a hanyar Kaduna zuwa Kano a hannun wanda aka ɓoye wa tarihinta. Amma wannan bai wanke kowa ba. Keji mai mummunar walda ya fi rashinsa haɗari, domin yana sa direba ya saki jiki, kuma babu jami'in da ke duba abin da mutum ya haɗa a garejinsa idan ba titi zai hau ba.

Nauyin da ya fi girma ƙasa ce ke ɗaukarsa. Motar da ba a tsoron lalacewarta tana shiga inda wasu ke kaucewa. Manyan tayoyi suna haƙe ƙasar da ke gindin dutse, dutsen ya ƙara tsayi, mai ƙaramar mota ya kasa, ya zagaya ta cikin ciyayi ya buɗe sabuwar hanya, ruwan sama ya kwashi ƙasar zuwa rafi. A 2009 hukumar gandun daji ta Amurka ta rufe hanyoyin Tellico a Karolina ta Arewa baki ɗaya, saboda laka na gangarawa cikin ruwan da kifin wurin ke rayuwa. A shekarar ce kuma hukumar kula da tsabtar ruwa ta yankin Rubicon ta umarci ƙaramar hukumar El Dorado da hukumar gandun daji su tsabtace Rubicon daga zaizayar ƙasa, man mota da bayan gida. Ƙungiyoyin masu motocin suka fito aikin gayya, aka gina gadoji da banɗakuna, aka riƙa raba kayan tsane mai. A 2012 aka farfasa manyan duwatsun Little Sluice da ke kan Rubicon, wurin da ya zama sai motocin da aka yi wa gagarumin gyara ke iya ratsawa. Da yawa cikin masu irin waɗannan motoci sun ji haushin hakan, amma Rubicon tana buɗe har yau, Tellico kuwa ba a sake buɗe ta ba.