Zabuwa da Zargin Rashin Iya Reno

Da magariba a Lamadji, can arewacin birnin N'Djamena, kajin goggona kan shige akurki da ƙafarsu. Zabinta kuwa sai su tashi fir su haye bishiyar darbejiya. Hatsinta suke ci, amma kwanansu na daji ne. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma ni a ganina zanen bai tsaya a gashi ba, ya kai har ga hali.

Kaza baƙuwa ce, asalinta Asiya. Zabo kuwa ɗan gida ne, a nan Afirka aka fara kiwonsa, kuma 'yan'uwansa na daji suna nan garke-garke a gandun dajin Zakouma. Daga Afirka ya kai ga Girkawa da Rumawa, har Faransa ta zama babbar mai kiwonsa a Turai.

Abin da ke ci mini rai shi ne zargin da ake wa zabuwa, wai ba ta iya kwanci ba, ba ta san reno ba. Da damina ta faɗi, sai a bi ta a gano sheƙarta a cikin ciyawa, a kwashe ƙwan a sa wa kaza. Kazar da ta saba kwana 21 sai ta daure har 28.

Na ce wa goggo, "Goggo, ai ba ku taɓa bar mata ta gwada ba."

Ta ce, "Ɗan nan, na bar mata sau ɗaya. Ta ja 'ya'yan cikin raɓa da asuba, goma sha biyu suka koma uku."

Ban musa ba, raɓa na kashe 'yan zabi. Amma a daji uwa da uba ke tafe da 'ya'yan tare, ɗaya na kiwo ɗaya na gadi. A gida kuwa mun yanka mazan, mun kwashe ƙwan, mun dame ta da kare da yara, sannan muka ɗora mata laifi. Da ba ta iya ba, wa ya reni na Zakouma?

Waɗanda kazar goggo ta rena bara ma, hali zanen dutse: fiffike na yin ƙwari suka bar ta a bakin akurki tana kira, suka haye darbejiya.