Dokokin Kiyaye Gobara a Fagge da Sabon Gari: Abin da Aka Tanada da Inda Ake Sakaci

Yankin da ke kewaye da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano yana cikin wuraren da dukiya ta fi taruwa a Arewacin Najeriya, kuma yana cikin waɗanda gobara ta fi yi wa ɓarna. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Cikin 'yan shekaru kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya kusa da tasha, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da baƙi. Daga wannan tushe ne Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, suka bunƙasa. Titunan da aka shata wa birnin wancan zamani su ne har yau suke ɗauke da cinikin da ke kaiwa Nijar da Chadi da Kamaru. Kayan da ake jibgewa kuwa, atamfa da shadda da katifa da robobi da man girki da turare da kwalaye, kusan duk abincin wuta ne.

Ranar 26 ga Maris 2016, cikin dare, wuta ta tashi a kasuwar Sabon Gari, ba a shawo kanta ba sai bayan gari ya waye da daɗewa. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce shaguna kimanin 3,800 suka ƙone. Makonni kaɗan kafin nan kasuwar Singa ta sha irin tata. Waɗannan gobara biyu sun bayyana abin da 'yan kwana-kwana suka daɗe suna faɗa: dokokin kiyayewa suna nan a rubuce, aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Dokokin ba a hannu ɗaya suke ba. Kashe gobara aikin jiha ne tun asali, shi ya sa Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ce ke kan gaba wajen kai ɗauki, da duba gidajen mai da otal-otal da masana'antu, da faɗakar da jama'a. Tarayya tana da tata hukumar, wadda ke aiki bisa dokar 1963, ga kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 da kundin kiyaye gobara na 2013. Izinin gini a birnin Kano yana hannun hukumar tsara birane, KNUPDA. Wutar lantarki KEDCO ke rarraba ta, NEMSA kuma ke da alhakin tabbatar da ingancin haɗin waya da kayan lantarki. Lasisin sayar da fetur da gas yana wurin NMDPRA tun bayan dokar man fetur ta 2021, ingancin tukunyar gas kuwa aikin hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ne, SON. Tsarin mulki ya sa kula da kasuwanni cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma manyan kasuwannin nan suna da hukumomin gudanarwa da gwamnatin jiha ke naɗawa. Shago ɗaya a Singa zai iya faɗawa ƙarƙashin hukuma biyar, kuma idan ya ƙone kowace tana da wadda za ta nuna da yatsa.

Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi a wannan yanki ita ce ta barin hanya a buɗe. Duk tsarin kasuwa da aka amince da shi yana da layuka masu faɗin da motar kashe gobara za ta shiga ta juya, da ƙofofin fita fiye da ɗaya. Abin da ke faruwa sananne ne. Mai shago ya ɗan fito da tebur gaban ƙofarsa, daga baya ya yi masa rumfar kwano, sai ya ba wani haya. Na gefensa ya yi haka, na gaba ma haka, har layin da aka yi domin mota ya koma wanda ɗan dako da amalanke ke wucewa da ƙyar. Rumfunan da ke fuskantar juna sukan haɗe ta sama da leda da buhu da tampol, su zama gadar da wuta ke bi ta tsallaka daga wannan jeri zuwa wancan. A bakin titi kuma ga tireloli suna sauke kaya, ga adaidaita sahu. Motar kwana-kwana za ta iya isowa cikin mintuna kaɗan, ta tsaya a ƙofar kasuwa tana jiniya, wuta na ci a can ciki inda mesa ba ta kaiwa.

Ruwa ma matsala ce mai zaman kanta. Mota ɗaya lita dubu kaɗan take ɗauka, kuma a babbar gobara sukan ƙare cikin mintuna. Inda babu famfon kashe gobara mai ruwa, ko babban tanki da rijiyar burtsatse a cikin kasuwa, dole mota ta koma ɗebowa, kafin ta dawo wutar ta ci wani layin. Shi ya sa a manyan gobara akan nemi agajin motocin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da tankokin kamfanoni. Gina shago a kan bakin famfo, ko jibge kaya a kansa, saɓa doka ne ko da famfon ya shekara bai kawo ruwa ba.

Sai lantarki, wanda aka fi ɗora wa laifi idan wuta ta tashi da dare. Ƙa'ida ta ce ƙwararre mai shaida ne zai haɗa waya, da waya mai kaurin da ya dace da nauyin da za ta ɗauka, da fiyus ko makatsewa mai yanke wuta da kanta. A aikace ana jan waya daga shago zuwa shago a naɗe mahaɗar da leda, ana ɗora firji da fanka da abin guga a kan soket guda, fiyus idan ya ƙone a maye gurbinsa da guntuwar waya mai kauri wadda ba za ta ƙara katsewa ba. Hatsarin yana cikin yanayin wutar ƙasar nan. Ana ɗauke ta da rana, mai shago ya manta bai kashe komai ba ya kulle ya tafi gida, a dawo da ita tsakar dare, wani lokaci da ƙarfi fiye da kima, babu kowa sai maigadi a waje. Saboda haka dokar kasuwa ta kashe babban makunni kafin a rufe shago ba ta da tsada ko kaɗan, kuma ta fi wasu masu tsada amfani.

Janareto yana haɗa hatsari biyu, zafi da fetur. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, ba a ajiye shi cikin shago ko ƙarƙashin bene, ba a kuma kwana da jarkar fetur a cikin kasuwa. Bayan gobarar 2016 an kawo wa kasuwar Sabon Gari wutar sola a 2018, ƙarƙashin wani shirin hukumar samar da lantarki a karkara, abin da ya rage wa shaguna da yawa dogaro da janareto. Sai dai sola ma tana da nata sharaɗi. Batir da inbata da aka haɗa da waya maras kyau, aka cusa a lungu babu iska, sukan yi zafi su kama, kuma batirin litiyam idan ya kama yana da wuyar kashewa.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya zurare ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa, ya bi kwata da ƙarƙashin ƙofa har ya tarar da tartsatsi. Don haka ne doka ta hana ɗura gas ba tare da lasisi ba, ta hana buɗe wurin ɗurawa kusa da mai walda ko mai tsire ko mai shayi. SON ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da gwaji duk bayan shekara biyar, amma tukwane masu tsatsa da waɗanda aka liƙe da walda suna yawo hannu da hannu. Idan an ji warin gas ba a kunna ashana ko taɓa makunnin lantarki. Rufe kan tukunya ake yi, a buɗe ƙofa da taga, a fita. Haka batun sinadarai. Fashewar da ta auku a titin Aba, Sabon Gari, a watan Mayu 2022, kusa da wata makaranta, ta kashe mutum tara. Da fari an ce tukunyar gas ce, daga baya 'yan sanda suka danganta ta da sinadaran da aka adana a wani shago ba bisa ƙa'ida ba. A unguwar da gida da makaranta da ɗakin ajiya ke bango ɗaya, maƙwabci yana da hakkin sanin abin da aka tara kusa da shi, yana kuma da damar kai ƙara.

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da bazarar da ke biye, iska busasshiya ce, komai ya bushe ƙayau. Masu gadi da masu kwanan kasuwa sukan hura wuta don jin ɗumi, ana ƙona shara a bayan shaguna, a gidaje kuma ana shiga ɗaki da kaskon gawayi ko a bar hita cikin bokiti. Kasko a rufaffen ɗaki yana kashewa ko bai tada gobara ba, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Hana wuta a fili bayan an tashi daga kasuwa tsohuwar doka ce, kuma ta dace da abin da Buhari da Muslim suka ruwaito na umarnin kashe wuta kafin barci, bayan wani gida ya ƙone da dare a Madina.

Tukunyar kashe gobara wajibi ce a wuraren kasuwanci. Mai hoda ta fi dacewa da yawancin shaguna domin tana aiki a kan yadi da mai da lantarki. Allurar ma'auninta ya kamata ta kasance a kan kore, a rataye ta kusa da ƙofa, ba a bayan dilolin atamfa ba. Ƙarama daƙiƙu kaɗan take yi ta ƙare, don haka gindin wutar ake nufa, ba harshenta ba. Ba a watsa ruwa a kan fetur ko man suya, ba a watsa shi a kan waya mai wuta. Bokitin yashi yana maganin abin da ruwa zai ƙara hurawa.

Akwai kuma dokar da mutane ƙalilan suka sani. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshorar gobara da rushewa, sabuwar dokar 2025 ma ba ta janye wannan ba. 'Yan kasuwa da yawa suna ƙyamar inshora saboda dalilin addini, ko da yake yanzu akwai kamfanonin takaful masu bin tsarin Musulunci. Rashin wannan kariya ne ya sa bayan kowace gobara ake komawa gidauniya. Bayan ta 2016 an kafa asusun tallafi, Aliko Dangote ya ba da naira miliyan 500. Kuɗi ne masu yawa, amma idan aka raba su ga dubban shaguna ba su kai jarin da ya salwanta ba, balle ga wanda kayan bashi ne suka ƙone masa, ko wanda ya bar cinikin mako guda a cikin durowa.

Aiwatar da doka yana bin salo ɗaya kusan kullum. Bayan gobara manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a ba da wa'adin cire rumfunan kan hanya, wani lokaci a rushe su. Watanni kaɗan su dawo. Dalilin ba jahilci kaɗai ba ne. Kowane tebur da ke kan hanya akwai mai cin abinci da shi, akwai mai karɓar hayarsa, sau da yawa akwai mai yanka masa rasit na haraji. Wanda aka karɓi kuɗinsa kullum yana ganin an halatta masa wurin, kuma da wuya a ce ba shi da hujja. 'Yan kasuwa ƙuri'a ne masu yawa, shi ya sa rusau ba ya farin jini idan zaɓe ya matso. Masu duba wurare kuwa ba su kai yawan shagunan ba, kuma takardar shaida da aka biya aka karɓa ba tare da an leƙa shagon ba ba ta kare kowa. Inda aka ga doka ta zauna, galibi ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta riƙe ta: shugaban layi ya zagaya da yamma, a ci tarar wanda ya bar wuta a kunne, a hana sabon tebur tun ranar da aka ajiye shi.

Kalmar da aka fi ji bayan gobara ita ce tsautsayi, kuma babu mai musun ƙaddara. Amma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi hukunci ga wanda ya yi ɓarna da wuta da gangan, da wanda sakacinsa ya jefa rai ko dukiya cikin hatsari. Fiƙihun Malikiyya ma, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, ya ɗora biyan hasara a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani. Yafewar da maƙwabta ke yi kyautatawa ce daga gare su, ba wai babu hakki ba ne.

Idan wuta ta riga ta tashi, abin da doka da hankali suka nema kaɗan ne. A kira hukumar kashe gobara nan take, ta lambar ofishinta ko ta lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kada a jira sai an gwada an kasa. A faɗi sunan kasuwa da layi da ƙofar da ta fi kusa, a yanke lantarki, a fitar da mutane kafin kaya. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, musamman na katifa da roba, don haka a sunkuye ake fita. 'Yan kallo da masu ɗaukar hoto su ne kan toshe hanyar da ta rage, ɓata-gari kuma su fake da taimako su kwashi kaya, shi ya sa aikin 'yan sanda da jami'an kula da zirga-zirga na KAROTA da 'yan sintirin kasuwa a wannan lokaci shi ne buɗe titi da tsare ƙofofi. Jifan 'yan kwana-kwana ko fasa motarsu saboda an ce sun makara laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma motar da aka lalata takan daɗe a gareji kafin ta koma aiki.