Wa Ke Duba Mai Jinya?

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da dattijo, makon farko gida ba ya rabuwa da 'yan dubiya. Kafin wata biyu ƙafa ta ɗauke. Wadda ake bari da ɗawainiyar kusan kullum mace ce guda: matarsa, ko 'yarsa da aurenta ya mutu, ko ƙanwar da ake ganin ba ta da abin yi. Wanka ita, wanki ita, ɗaukar fo ita, magani ita. Ga shi ma'aikatan lafiya sun ce wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2, don kada gyambon kwanciya ya fito masa. To yaushe za ta yi barcin awa 7 da jikin baligi ke buƙata?

Wannan gajiya ba irin wadda barcin rana ɗaya ke warkarwa ba ce. A 1999 masu bincike biyu na Jami'ar Pittsburgh a Amurka, Richard Schulz da Scott Beach, sun wallafa sakamakon bin diddigin tsofaffi masu jinyar mazajensu ko matansu. Waɗanda jinyar ta ƙuntata musu, haɗarin mutuwarsu cikin shekara 4 ya fi na waɗanda ba sa jinyar kowa da kashi 63 cikin ɗari. Can ke nan, inda ake da gidajen kula da tsofaffi. Balle nan, inda ko an kwanta asibiti dangi ne ke shimfiɗa tabarma a baranda, su ne sayen magani, su ne kawo abinci.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Mai haƙuri ta koma mai saurin fushi, ta daka wa marar lafiya tsawa, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka tana ganin ta yi zunubi. Ciwon kai da na baya ba sa barinta, abinci ya fita ranta, ta fara rikita lokutan magani. Suna da biki duk ta daina zuwa. Idan ƙunci da rashin sha'awar komai suka wuce mako 2, wannan ya kai a ga likita, domin ciwon damuwa yana da magani.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke sallamarta da "sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Addu'a ce mai kyau, amma ba ta ɗauke kwana ɗaya. Wani ɗan dubiyar ma ƙarin aiki yake kawowa, don sai an yi masa shimfiɗa an zuba masa abinci. Ita kuwa kunya da tsoron a ce ta gaji da mahaifinta ba za su bari ta buɗe baki ba. Saboda haka hutunta bai kamata ya zama abin da za ta roƙa ba. Babban gida ya tara 'yan'uwa a raba kwanaki, kowa ya san ranarsa, har da maza, musamman wajen wanka da ɗaga mahaifinsu. Wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani da na mai wanki.

Ita ma akwai nata. Ta daina cewa "ba komai" idan an tambaye ta. Ta faɗi abu takamaimai: a karɓe ni daren Juma'a, a kai shi gashin ƙashi ranar Talata. Wajen ɗaga shi ta durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa, ita da wani su kama zanen gado su biyu. Ta rubuta lokutan magani a takarda ta manna a bango, yadda duk wanda ya karɓe ta ba sai ya tashe ta ba. Ranar da aka kai shi asibiti, ita ma ta miƙa hannu a gwada jininta, domin hawan jinin da ya kayar da shi yana bin dangi, kuma rashin barci yana ƙara tunzura shi.