Dokar Takunkumi da Ajujuwan Zamfara

Lokacin da aka fara buɗe makarantu a watan Agustan 2020, bayan kullen korona da ya soma tun Maris, 'yan ajin ƙarshe masu zana jarrabawar WAEC ne suka fara komawa, bisa sharuɗɗa uku: wanke hannu, ba da tazara da sanya takunkumi. A Janairun 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta takunkumi a wuraren taruwar jama'a, tare da tanadin tara ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa.

Hujjar likitoci mai ƙarfi ce. Ƙwayar cutar tana fita ne cikin feshin yawu idan mutum ya yi tari, atishawa ko magana, takunkumi kuwa yana tare mafi yawan wannan feshi tun daga bakin mai shi. Kenan na kusa da kai ne ya fi amfana da wanda ka sa. Amma sai ya rufe hanci da baki, na yadi kuma sai an wanke shi kullum, kuma da zarar gumi ya jiƙa shi ƙarfinsa ya ragu. Duk wanda ya san zafin bazara a Maradun ko Bakura ya san abin ba ya daɗewa bai jiƙe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada a tilasta wa yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa.

Abin da ya dame ni a lokacin shi ne rabon nauyin. Takunkumi uba ne zai saya ko tela ya ɗinka, don haka an matsa a kansa. Ruwa, sabulu da ƙarin ajujuwa kuwa aikin hukuma ne. Yaya malami a garin Damaga zai ba da tazara idan yara sun cika aji har bakin ƙofa? Ga kuma fargabar da ta fi korona: a Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Talata Mafara.

Duk da haka bai kamata a watsar da darasin korona ba, musamman batun cunkoso da shigar iska a aji. Annobar sanƙarau ta 2017 daga Zamfara ta taso, ita ma ta numfashi take yaɗuwa, kuma ɗaki mai cunkoso marar tagogi take so.