Ku Rubuta Asalin Gidanku, Ku Rubuta Wanda Ya Gaya Muku



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata yarinya a ajina a nan Auyo. Da muka zo cika mata takardar jarrabawa, sai muka tarar tana da shekarun haihuwa iri uku. Rajistar makaranta ta faɗi ɗaya, katin rigakafi ya faɗi wata, uwarta kuwa ta ce ita dai ta san shekarar da ruwa ya ci gari ta haife ta. To, mu da muke bakin kogin Haɗeja, ambaliya ta zo mana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wace daga ciki?

Wata za ta ce ai gwamnati ta ƙidaya mu, sunayenmu suna wurinta. Haƙiƙa an yi ƙidaya a 1963, da 1973 wadda aka soke, da 1991, da kuma 2006. A ta 2006 an sami mutum sama da miliyan 140 a Nijeriya, ƙaramar hukumar Auyo kuwa sama da dubu 130. Amma abin da ake bugawa jimla ce kawai. Ba za ki buɗe littafin ƙidaya ki ga sunan kakarki ba.

A wasu ƙasashe akan fito da takardun sunaye bayan an daɗe. Amurka takan jira shekara 72, shi ya sa sai a 2022 ta buɗe na ƙidayar 1950. Ingila ta buɗe na 1921 a wannan shekara, bayan shekara 100. Mutanen can sukan shigar da sunayen kakanninsu a kwamfuta, kuma suna da ƙa'ida mai kyau: duk abin da aka rubuta, sai an faɗi takardar da aka samo shi, da shekararta, da shafinta. Wannan ƙa'ida ba sai mai kwamfuta ba. Littafin rubutu mai kaurin bango da biro sun ishe ki.

Ga yadda za ki yi. Ki ba kowane mutum shafinsa. Ki rubuta sunan yanka da laƙabinsa duka, domin a gidajenmu akwai wadda har ta rasu jikokinta ba su san sunanta ba, sai Iya ko Goggo. Ki sa sunan uwa da uba, da garin haihuwa, da ranar haihuwa, da ta aure, da ta rasuwa. Sa'an nan a ƙarƙashin kowace rana ki rubuta inda kika samo ta, watau ko takardar haihuwa ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko katin awo, ko bakin wance ne, ranar kaza. Gani ya kori ji, saboda haka takardar da aka rubuta makon suna ta fi abin da aka tuna bayan shekara talatin. In biyu suka saɓa, kada ki goge ɗaya. Ki bar su duka, kowace da mai ita.

Tsofaffi kuwa kada ki tambaye su shekara nawa, za su ce Allah Ya sani. Ki tambaye su abin da ya faru a lokacin. Rasuwar Sardauna 1966 ce. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Makarantar kyauta ta UPE 1976. Fitar da Jihar Jigawa daga Kano 1991. In tsohuwa ta ce shekarar ƙidaya, ki ce wace ƙidayar? Lokacin ana kashe sule ne ko kwabon naira? Da kaka ne ko da bazara? Ta 1991 a watan Nuwamba aka yi, ta 2006 a watan Maris. Irin wannan shekara ki rubuta "wajen" a gabanta, don mai karantawa ya san kintace ne.

In kin gama, ki naɗe littafin da takardun a leda, ki sa a gwangwani mai murfi, ki ajiye a sama inda ruwa ba zai kai ba. Mai waya ta ɗauki hoton kowane shafi ta aika wa 'yar'uwarta a wani gari.

'Yan mata, wannan aikin naku ne, ku da kuka iya rubutu. Ku tuna Auyo tsohon gari ne, kuma Auyakawa suna da harshensu a da, yau babu mai jinsa. Abin da yake bakin kakarki ma haka zai tafi in ba a rubuta ba. Daren yau bayan tuwo ki zauna kusa da ita da littafinki, ki fara da tambayar sunan mahaifiyarta.

Allah Ya ja kwanan iyayenmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.