Takardar Awon Jini: Mu San Abin Da Aka Rubuta Kafin Mu Ninke Ta

Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwar Madarunfa da Ɗan Isa mun taɓa zuwa likita, aka ɗebi jininmu, aka miƙo mana takarda da Faransanci, muka ninke ta muka ƙulle a haɓar zani. Kuɗi sun fita, an yi asarar cinikin yini guda, amma ba mu san abin da aka gano ba. Alhali alamomin da suka fi shafarmu ba su da yawa.

Na farko shi ne Hb, wato awon ƙarfin jini. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki idan nata ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, namiji kuwa idan ya gaza 13. Mai juna biyu ana son nata ya kai 11. Idan ya faɗi ƙasa da 7 ga mai ciki ko ƙaramin yaro, to abin ya yi tsanani, ba a kwana da shi a gida. Jiri, haki da ɗashewar tafin hannu duk alamominsa ne. Masu ketarawa Jibiya ko Katsina su lura: can sun fi rubuta PCV, wanda lambarsa ta kusan ninka Hb sau uku. Wato 33 a can daidai yake da 11 a nan.

Na biyu awon zazzaɓin cizon sauro, wanda ake rubutawa TDR ko GE. Mu da muke zaune kusa da tafki mun san yadda sauro yake da damina. Sai dai ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a auna kafin a ba da magani. Idan aka rubuta “négatif”, ba a ga ciwon ba, sai a nemi wani dalilin maimakon a sayi ƙwaya a tebur.

Na uku “glycémie”, awon suga. Da safe ake yinsa kafin a karya kumallo, bayan awa takwas ba a ci komai ba. Ko shayi kada a sha. Idan ya kai 1,26 ko ya wuce, aka sake awon wata rana ya maimaita, to ciwon suga ne. A Nijeriya wannan iyaka sukan rubuta ta 126 ko 7,0, don haka kada bambancin lamba ya tayar da hankali.

Na huɗu awon amosanin jini, wato sikila: AA, AS ko SS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Gara a yi wannan awo kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba bayan an sa rana ba.

Na biyar AgHBs, awon ciwon hanta nau'in B. Yakan zauna shekaru a jiki ba alama, kuma uwa tana iya shafa wa jariri wajen haihuwa. Akwai allurar rigakafinsa.

To jama'a, kafin mu bar gaban malamin asibiti, mu tambaye shi abu uku: me aka auna, lambata ta yi daidai ko ta kauce, yaushe zan dawo? Matambayi ba ya ɓata. Mu kuma adana tsofaffin takardu a leda kamar yadda muke adana littafin bashi, domin da su likita zai gane ko jini na ƙaruwa ko raguwa yake. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.