Sirrin Saƙo: Daga Hatimi Zuwa Makulli

A zamanin Daular Sakkwato hatimi ke shaida mai wasiƙa, amma sirrinta yana wuyan manzo. Matsalar nan ce ke gaban mai gina kafar saƙon sirri a intanet, domin kwamfutar kamfani ita ce manzon yau. A 1976 Diffie da Hellman suka bayyana dabarar makulli biyu, watau na fili da ake rufe saƙo da shi, da na ɓoye wanda mai karɓa kaɗai ke buɗewa da shi. WhatsApp ya kammala bin wannan tafarki a 2016. Saboda haka in ɗan kasuwar Kajiji ya aika wa ubangidansa maganar bashi, manzo bai san abin da ya ɗauko ba, sai dai ya san mai aikawa da mai karɓa.